Maganin Gobara: A Bar Rata

Wanga jawabi an shirya shi ne don cibiyoyin yaƙi da jahilci na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, cikin jahar Tawa. Mai koyarwa shi karanta shi sannu a hankali. Ɗalibai su bi da yatsa. In an gama, a yi mahawara.



Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu. Kara da harawa sun bushe, an ɗora su bisa ɗakuna da bisa itatuwa. Iskar ɗari ta taso daga gabas. Wanga lokaci shi ne lokacin gobara. Daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwan farko, kowane gari cike yake da abincin wuta.

ƁARNAR GOBARA

Ɓarawo shina ɗaukar abin da ya iya ɗauka, shi bar saura. Gobara ba ta barin saura. Manomi shi yi wata huɗu shina wahala cikin gona. Wuta ta cinye wahalarshi kafin tukunyar tuwo ta nuna. Bayan nan sai cin bashi. Sai saida tunkiya da araha. Sai samari su tafi ci-rani ba da son ransu ba.

Gobara ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. Cikin shekara ta 1982 babbar kasuwar Yamai ta ƙone. Sai cikin 1987 anka buɗe sabuwa. Cikin watan Janairu na 2012 wuta ta kama ma'aikatar ministan shari'a a Yamai, takardu masu yawa sunka zama toka. Cikin Janairu na 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, kasuwar da mutanen Ƙonni da yawa sunka sani.

Abin da ya fi dukiya ciwo shi ne rai. Ranar 13 ga Afrilu na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana na wata makaranta a Yamai, yara 20 sunka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara haka ta faru a Maraɗi, yara fiye da 20 sunka rasu. Allah shi jiƙansu.

A lura da abu guda. Waɗannan birane duka suna da motocin ƴan kwana-kwana. Duk da haka wuta ta yi ɓarna. To ina ga ƙauyen da ke nesa da kwalta? Lambar kiran ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18. Kowa shi rubuta ta, kowa shi riƙe ta. Amma kafin mota ta iso wani ƙauye na ƙasar Tajaye, ko Allela, ko Bazaga, bukka ta daɗe da faɗuwa. Don haka mutumin ƙauye shi ne ɗan kwana-kwanan gidanshi. Aikinshi kuwa tun kafin wuta ta kama yake farawa.

MURHU MAI DUTSE UKU

Kowace mace ta san murhu dutse uku gare shi. In an cire ɗaya, tukunya ba ta zama. Haka wuta take. Abu uku ke riƙe ta.

Na ɗaya, abin da za ta ci: kara, ciyawa, itace, tufafi, mai.
Na biyu, iska.
Na uku, zafi: garwashi, ashana, guntun taba, tartsatsi.

In ukun nan sunka haɗu, wuta ta tashi. In an raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa shina kashe zafi. Ƙasa da rairayi suna toshe mata iska. Share wuri shina hana ta abinci.

Ba mai iya tsai da iskar ɗari. Ba gidan da za shi bar hura wuta. Abin da ke hannun mutum shi ne shi raba wuta da abincinta. Wannan shi ne rata. Rata ba ta cin ko dala. Tsintsiya da hankali kawai take so.

RATA TA FARKO: TSAKANIN WUTA DA KARA

Gobarar ƙauye mafi yawa daga cikin gida take tasowa. Ga wuraren da ya kamata a duba.

Murhu. Kada a girka shi jikin darni ko jikin zana. A matsar da shi taki biyar ko fiye. A gina mashi ɗan bangon laka wajen gabas, inda iska ke fitowa. Murhun laka mai baki ɗaya ya fi na fili: ba shi watsa tartsatsi, kuma ba shi cin itace da yawa. Ranar da iska ta yi ƙarfi, a yi sanwa da sassafe ko bayan ta lafa.

Toka. Toka tana yaudara. Samanta sanyi, cikinta garwashi. Ana zuba ta gindin darni da marece, iska ta tone ta da dare. Kafin a zubar da toka a yayyafa mata ruwa. A haƙa mata rami nata nesa da kara.

Ɗaukar wuta. Ana aiken yarinya ta ɗebo wuta gidan maƙwabta bisa guntun kasko ko bisa kara. Tana tafe, iska tana ɗauke garwashi. In dole ne a ɗebo, babba shi ɗebo, cikin kwano mai marufi.

Kaskon jin ɗumi da na turare. Lokacin sanyi ana shiga da kasko ɗaki. Ana sa shi ƙarƙashin gadon maijego ko kusa da tsoho. Ana rufa tufafi bisa kaskon turaren wuta a fita. Zane shi faɗa ciki, ɗaki shi kama. Kasko ba shi kwana cikin ɗaki. Ko bai ƙona komi ba, gawayi cikin ɗaki rufaffe shina fidda wata iska mai guba. Ba ta da wari, ba a ganinta. Tana kashe mutum cikin barci.

Fitila da kyandir. Kada a aje su kusa da gidan sauro, ko labule, ko katifa. Malamai suna tunatarwa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi horo da a kashe wuta in za a kwanta. Mai gida shi ne na ƙarshen kwanciya. Shi zagaya gida tukuna.

Taba da ashana. Mai shan taba shi murje guntunta cikin ƙasa har ta mutu. Ashana kuwa a rataye ta inda hannun yaro ba shi kai. Yara masu gasa gyaɗa ko fara a bayan gari, a nuna masu fili mai rairayi, nesa da tarin kara.

RATA TA BIYU: TSAKANIN GIDA DA RUMBU

Kakanni sun san abin da ya sa suke gina rumbuna a gefen gari. In gida ya ƙone, abinci ya tsira. Yanzu tsoron ɓarayi ya sa wasu suna manna rumbu jikin ɗaki. Tsoron ɓarawo gaskiya ne. Amma ɓarawo dami biyu za shi ɗauka, wuta kuwa rumbu duka.

Ga abin da ya dace.

Rumbu shi yi nesa da murhu da ɗakin kwana, taki goma ko fiye. A share kewayenshi ƙal, har ƙarƙashi. Kada a tara kara ko itace a gindinshi.

A duba inda iska ke fitowa. Iskar ɗari daga gabas da arewa take zuwa, tana kai tartsatsi yamma da kudu. Wanda za shi gina sabon rumbu, gara shi sa shi ta wajen da iska ke fitowa, don kada ta kwaso wutar gida ta kai mashi.

Rumbun laka ya fi na kara tsira. Mutanen Adar gwanaye ne wajen gina shi. Amma hular ciyawar da ke kanshi tana kamawa. In wuta ta tashi a gari, a yi maza a ture hular ƙasa, a rufe bakin rumbu da marufin laka ko na ƙarfe.

Kada rumbuna su haɗa kai da juna. A bar hanya tsakaninsu, wadda amalanke za shi iya wucewa.

Harawa da kara da ake ɗorawa bisa rufin ɗaki, abincin dabba ne, amma abincin wuta ne kuma. Gara a yi masu rumfa tasu daban, bayan gida.

Masu noman albasa na Galmi, Dogarawa, Tsarnawa da Gidan Iddar sun san rudu. Cikinshi ake aje albasa wata da watanni, ana jiran kuɗinta shi tashi. Rudu kara ne da ciyawa. Dukiyar shekara guda ke ciki. A share kewayenshi. Mai gadi kada shi hura wutar shayi a gindinshi. Mai ƙona sauran gona kada shi ƙona ranar iska, kuma kada shi tafi sai wutar ta mutu.

Dabbobi ma dukiya ne. Tunkiya ɗaure ga turke ba ta iya gudu. A yi ɗaurin da ake kwancewa da sauri. A rataye wuƙa kusa da garke, inda babba ya sani.

SABABBIN WUTACE

Akwai wutar da kakanni ba su sani ba. Ta shigo da zamani, ita ma tana son rata.

Man fetur, wato esansi. Ƙonni bakin iyaka take. Ana saida mai cikin kwalabe da bido bakin hanya. Masu babur da masu injin ban ruwa suna aje shi cikin gida. A sani: ba sai wuta ta taɓa man ba. Tururinshi ke kamawa. Tururin nan ya fi iska nauyi, shina bin ƙasa har shi tarar da garwashi. Kada esansi shi kwana ɗakin da mutane ke kwana. A yi mashi ɗan ɗakin laka shi kaɗai, cikin inuwa, nesa da murhu. Kada a ɗura mai da dare ana haskawa da ashana ko fitilar aci-balbal. Kada a zuba ma inji mai shina aiki, ko da sauran zafi.

In motar mai ta faɗi bisa hanya, a gudu nesa, a kori yara. Cikin watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane sunka taru suna ɗiba. Ta fashe, fiye da mutum 50 sunka rasu. Manyan motoci suna bin hanyar Ƙonni zuwa Malbaza da ta Tsarnawa zuwa Badagishiri dare da rana. Man da ya zube ba rabo ba ne, tarko ne.

Tukunyar gaz. Tana sauƙaƙa aikin mata, tana rage sarar itace. Amma a aje ta tsaye, inda iska ke shiga. In an gama girki a rufe ta daga kai. In an ji warin gaz, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A buɗe ƙofa da taga, a fid da tukunyar waje. Mai son sanin inda take yoyo shi shafa ruwan sabulu bisa tiyo. Inda kumfa ta taso, nan ne. Tiyon da ya tsage, canza shi ake yi, ba ɗaure shi da leda ba.

Lantarki. Wayar da anka jawo daga gidan maƙwabci, anka ƙulla da leda, tana yin zafi. Haka in an jona kaya da yawa wuri ɗaya. Aikin waya sai wanda ya koye shi. In an ɗauke wuta, a kashe dutsen guga da abin dafa ruwa, don ana iya maido ta ba kowa kusa. Kada a bar salula tana caji bisa katifa ko ƙarƙashin matashin kai. Batirin hasken rana a ɗora shi bisa bulo, nesa da tufafi.

RATA TA UKU: KADA DUKIYA TA KWANA WURI GUDA

Komi hankalin mutum, wata rana ƙaddara tana iya zuwa. Wutar maƙwabci tana iya tsallako darni. Mai dabara shi ne wanda in ɗakinshi ya ƙone, ba duka abinshi ya ƙone ba.

Hatsi. Mai rumbu biyu shi raba su wuri biyu. Iri kuwa a aje shi daban. Wanda ya tsira da iri, ya tsira da damina mai zuwa.

Kuɗi. Da yawa suna cusa kuɗin albasa cikin katifa ko cikin jinkar ɗaki. Wurin nan ne wuta ke fara ci. Kuɗi masu yawa a kai su banki, ko asusun ajiya, ko a mai da su dabba. A gida a bar na cefane.

Takardu. Takarda ba ta da nauyi, amma rashinta shina da nauyi. Ga waɗanda ya kamata a tsare: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar aure, takardun makarantar yara, katin rigakafi, rasit na haraji, takardar babur, takardar gona da ta fili. Yaron da ba shi da takardar haihuwa shina shan wuya wajen jarrabawa. Gonar da takardarta ta ƙone tana iya jawo shari'a tsakanin ƴan'uwa.

Wasu suna cewa akwatin ƙarfe ya isa. Akwatin ƙarfe shina hana ɓera da gara. Amma in wuta ta daɗe bisanshi, shina zama kamar tanda, takardar ciki ta gasu. Dabarar da ta fi ita ce wagga: a naɗe takardu cikin leda, a sa cikin gwangwani mai marufi, a sa gwangwanin cikin tukunyar ƙasa. A binne tukunyar a ƙuryar ɗakin laka, inda ruwa ba shi kwanciya, a rufe da ƙasa kamar taƙi guda. Zafin wuta sama yake hawa. Lokaci lokaci a tone a duba, saboda gara da laima.

Sannan kowace takarda ta samu ta biyu. In an je kasuwar Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, a yi fotokopi. A kai shi ajiya gidan ɗan'uwa, cikin wata unguwa ko wani gari. Mai salula shi ɗauki hoton takardun.

Nan ne karatu ke nuna amfaninshi. Wanda ya iya rubutu shi samu ɗan littafi. Shi rubuta sunan kowace takarda, da lambarta, da shekararta, da wurin da anka ba da ita. Gidan magajin gari shina riƙe da rajistar haihuwa. Mai lamba da shekara, nan da nan ake gano tashi. Haka takardun gona. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 akwai hukumomin filaye da ake kira COFO, a gari da gunduma. Wanda ya rubuta gonarshi wurinsu, shaidarshi ba ɗakinshi kaɗai take ba.

Abin da ya shafi gida ya shafi biro. Fadar maigari, mangazar ƙungiyar manoma, bankin hatsi, makaranta, da ita kanta cibiyar yaƙi da jahilci, duka suna da littattafai. Littafin bashin ƙungiya in ya ƙone, rigima ta tashi: wane ya biya, wane bai biya ba. Magatakarda shi riƙa kwafe lissafi cikin littafi na biyu kowane wata. Littafi ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Cikin mangaza kada a haɗa takin zamani, da mai, da buhunan hatsi wuri ɗaya. A bakin ƙofa a aje bokiti biyu cike da rairayi. Ajin zana kuwa shi zama da ƙofa biyu, kuma masu tuya su yi nesa da shi.

IN WUTA TA KAMA

1. A yi kururuwa. Ba kunya cikin neman gudummawa. Mai salula shi kira 18.
2. A fid da mutane tukuna: yara, tsofaffi, marasa lafiya. A ƙidaya su. Sannan a kwance dabbobi.
3. Wanda ya fito kada shi koma don kaya. Ana sake kaya, ba a sake rai.
4. Cikin hayaƙi a duƙa a yi rarrafe. Iska mai kyau ƙasa take.
5. Wutar kara da itace, ruwa da ƙasa. A watsa a gindinta, ba bisa harshenta ba.
6. Wutar esansi ko ta man tuya, ba a zuba mata ruwa. Ruwa watsa ta yake yi. A rufe kaskon da marufi, ko a zuba rairayi.
7. Wutar lantarki, a kashe mita tukuna. Ruwa bisa waya mai wuta shina kisa.
8. A tare gabanta. Samari su ture darni da zana na gidajen da iska ta nufa, su janye su nesa. Gara a rasa darni ɗaya da a rasa unguwa.
9. Bayan ta mutu a bar masu gadi har safe. Tarin kara da ɗurin auduga suna ɓoye wuta.

In tufafin mutum sunka kama, kada shi gudu. Gudu hura wuta yake yi. Shi faɗi ƙasa shi yi birgima. Na kusa su lulluɓe shi da bargo.

Wanda ya ƙone, a zuba ma wurin ruwa mai tsabta, mai sanyi, kamar minti 20. A cire zobe da munduwa kafin wurin shi kumbura. Kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko toka, ko kashin shanu. Kada a fasa bororo. A rufe da zane mai tsabta, a kai shi gidan likita mafi kusa. Ƙuna mai faɗi, ko ta fuska, ko ta ƙaramin yaro, sai babbar asibiti, kamar ta Ƙonni, ko ta Illela, ko ta Galmi.

AIKIN GARI DUKA

Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Gida ɗaya ba shi tsira shi kaɗai. Maigari, da liman, da shugabannin samari da na mata su zauna tun farkon ɗari. Su sa ranar gayya, a share kewayen gari da na rumbuna. Su buɗe lungunan da anka toshe. Kowane gida shi kwana da randa cike da ruwa. A san masu injin ban ruwa da doguwar tiyo, da masu amalanken duro, don a kira su da sauri. A yarda da alama guda, ganga ko lasifikar masallaci, wadda kowa ya ji ya san gobara ce.

Wani shina cewa gobara ƙaddara ce. Gaskiya ne, komi na Allah ne. Amma wanda ya ɗaure jakinshi ba rashin tawakkali ya yi ba. Haka wanda ya matsar da murhu daga jikin darni.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Taki nawa ne tsakanin murhu da darni a gidan kowane ɗalibi? A auna yau, a kawo amsa gobe.
2. Ina takardun gidan suke kwana? Wa ke riƙe da na biyunsu?
3. In wuta ta tashi daga gabashin gari, wane darni za a fara turewa?
4. Kowa shi rubuta cikin littafinshi: 18.

Allah shi tsare gari da mutanenshi. Allah shi sa a ci abin da anka noma cikin lafiya. Amin.